Yadda ake zaɓen yadi ruwan hoda mai haske, a ɗinka shi, a adana shi

Ruwan hoda mai haske ba ya rufa wa kowa asiri. Rinin da ke jikinsa kaɗan ne, don haka abin da shuɗi ko ruwan ƙasa zai haɗiye ba a gani ba, shi fito da shi yake yi fili: zanen alli, ɗigon man keke, shatin gumi a hammata, har inuwar ninkin ɗinki daga ciki. Idan kuma tabo ya zauna, yawancin abubuwan da ake cire tabo da su a fararen kaya da launin suke tafiya gaba ɗaya. Saboda haka hana ɓarna shi ne babban aikin, kuma tun a gaban mai shago ake fara shi.

Duba launi a kasuwa

Kada a yanke shawara a ƙarƙashin ƙwan shago. Farin ƙwai mai tsananin haske yana ja wa ruwan hoda sirkin shuɗi, ƙwai mai ɗorawa kuma yana mayar da shi kamar ruwan lemo. A cikin layukan Kantin Kwari da ire-irensu, inda hasken rana ba ya shiga sosai, yadi biyu sukan yi kama ɗaya sak, a fito waje a ga kowanne da inda ya dosa. A nemi izini a fito da bakin yadin ƙofar shago, a tsaya a inuwa mai haske. Tsakar rana ma ba ta da amfani, tana wanke launin ne a ido.

A ɗora farar takarda ko farin hankici kusa da yadin. Nan take za a ga inda ya karkata. Wani yana da sirkin shunayya, wani ya fi kusa da ruwan lemo, wani kuma yana da duhu-duhun toka, irin wanda mata ke kira kalar albasa. Duk ruwan hoda ne, amma ba sa zama lafiya da juna. Mai sirkin shunayya yana tafiya da fari tas, da azurfa, da ruwan toka. Mai sirkin lemo ya fi son ruwan madara da ruwan zinare. Idan aka haɗa mayafi mai sirkin shunayya da riga mai sirkin lemo, ɗaya daga ciki zai zama kamar ya yi dauɗa ko da sabo ne fil.

Hoton waya ba abin dogaro ba ne a nan. Kyamara tana gyara launi da kanta, kuma fuskar kowace waya da yadda take nunawa. Wanda zai sayo mayafi, takalmi, zare ko ashoke da za su dace da yadin, ya yanki ƙyalle kamar tafin hannu ya tafi da shi. Masu fitar da anko su lura da wani abu kuma: bandir biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya za su iya bambanta idan ba tare aka rina su ba. A launi mai duhu ba a cika lura ba, amma a ruwan hoda, da ƙawayen amarya sun jeru za a gani. A saya gaba ɗaya a rana ɗaya, a jera bandiran a kwatanta, a kuma ƙara na mutum biyu ko uku saboda masu zuwa a makare.

Duba yadin kansa

A sa a warware aƙalla yadi biyu daga bandirin. Zagayen farko shi ne ya sha ƙura da hannun masu taɓawa, kuma layin ninki na tsakiya yakan koɗe idan bandirin ya daɗe a bakin shago yana shan haske. Dauɗa tana fita da wanki, koɗewa ba ta fita. Idan aka ga farin layi ya miƙe a tsakiyar yadin, a bar shi, sai dai in ɗinkin zai ba da damar a yanka ta yadda layin zai faɗa cikin abin da za a zubar.

Daga nan a ɗaga shi sama a hango haske ta cikinsa, a nemi inda zare ya tsallake, ko ƙulli, ko wurin da saƙa ta yi shara-shara fiye da sauran. A sa hannu a bayansa. Idan ana iya ƙirga yatsu, sai da shafi. A dunƙule wani gefe a tafin hannu na ɗan lokaci a saki: wanda ya tashi da tamoji mai zurfi haka zai riƙa yi a jiki, a mota da wurin zama, kuma tamoji a launi mai haske inuwa yake yi.

Gwajin zuba ya fi muhimmanci ga atamfa mai ƙasa ruwan hoda da leshi mai aikin zare kala biyu. A jiƙa farin hankici a goga da ƙarfi a kan launin da ya fi duhu, ja ne ko shuɗi ko baƙi. In ya bar shaida a hankicin, to ranar wanki a kan ruwan hodar zai sauka.

Sanin irin zaren da aka saƙa yadin da shi ne ke nuna yadda za a wanke shi da yadda za a goge shi, kuma maganar mai shago ba koyaushe take isa ba. A gida, a ciri 'yan zarurruka daga bakin yadin a riƙe da hantsaki a ƙona su a kan faranti, da ruwa a kusa. Auduga tana ci da wuta da sauri, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba, wato foliyesta, tana narkewa ne ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. Siliki na gaske yana warin ƙonannen gashi, kuma tokarsa tana murtsukewa a yatsa. Biskos, wato zaren da ake sarrafawa daga itace, yana ƙonewa kamar auduga, amma ya fi ta santsi da zubowa a hannu.

Kowanne da halinsa. Roba tana riƙe launi ƙwarai a wanki domin rinin yana cikin zaren ne, sai dai tana kama maiƙo ta ƙi saki, kuma ba ta shan gumi. Auduga, da boyel da shadda a cikinta, tana da sanyi a jiki tana kuma jure wanki, amma ta fi saurin koɗewa a rana. Biskos yana tsukewa sosai, ba shi da ƙarfi idan ya jiƙe, kuma ɗigon ruwa yana bar masa shati. Satin yana nuna kowane hujin allura. Ga kayan da za a riƙa sawa yau da gobe, auduga mai ɗan kauri ta fi kwanciyar hankali. Satin da shifon a bar su ga kayan biki da ba za su sha wanki ba.

Kafin a ce a yanka, a tambayi faɗi. Yadi ɗaya inci 36 ne a tsawo, amma faɗi yakan zo inci 45 ko inci 60, kuma ɗinkin da yadi uku da rabi mai faɗin 60 zai fitar yana iya cin kusan biyar a mai faɗin 45. Turmin atamfa yadi shida ne, leshi yawanci biyar. Komai lissafin tela, a ƙara rabin yadi. Da shi za a yi gwajin wanki da guga da allura, kuma in hannun riga ɗaya ya ɓaci akwai abin sakewa, domin komawa kasuwa bayan wata guda neman launin daidai wahala ce da ba ta cika biyan buƙata ba.

Shafi, zare da zif

A saye su rana ɗaya da yadin, da yadin a hannu. Shafi yana canza launin da ido ke gani. Farin shafi yana ƙara wa ruwan hoda haske har ya kusa komawa fari, kuma yana sa ninkin ɗinki ya fito ɓaro-ɓaro, tun da wurin da yadi ya ninku biyu ya fi duhu a kan farar ƙasa. Shafi mai launin yadin yana ƙarfafa shi ya ɓoye ninkin. Ga leshi mai huji, shafin da ya ɗan fi shi duhu kaɗan yana fito da zanen, wanda ya yi daidai da shi kuma yana sa zanen ya lafa. Babu wanda ya fi wani, abin da ake so ne. A ɗora yadin a kan shafi biyu ko uku a ja da baya a duba. Idan yadin auduga ne, shafin ma ya zama mai shan gumi. Shafin roba a ƙarƙashin boyel yana kashe sanyin da aka sayi boyel ɗin dominsa, ya kuma tara gumin da zai ɓullo ta hammata.

Zare a dunƙule ya fi duhu a ido. A warware sili ɗaya a kwantar a kan yadin. Wanda ya ɓace shi ne daidai. In ba a samu daidai ba, a launi mai haske irin wannan a ɗauki wanda ya ɗan fi haske, domin mai duhu layi zai ja a jikin rigar. Zaren ƙasa da na wibin, wato ɗinkin da ake bin bakin yadi da shi don kada ya zazzage, su ma su zama ruwan hoda ko ruwan madara. Teloli da yawa suna barin baƙi ko shuɗin zaren da ke kan injin wibin don ƙyuyar sauyawa, sai inuwarsa ta riƙa lekowa ta waje a duk tsawon gefen riga. A faɗa wa tela wannan tun ranar kai ɗinki. Zif mai haƙoran roba ya fi na ƙarfe, saboda na ƙarfe mai araha yana tsatsa ya bar jan layi a baya.

Kafin a yanka

Auduga da biskos a jiƙa su tukuna. Auduga takan ragu da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, wato siket mai tsawon inci 40 zai iya rasa inci ɗaya zuwa biyu. Idan kuma yadi ya tsuke shafin roba bai tsuke ba, shafin zai riƙa leƙowa ta ƙasa. Don a san abin da za a tarar, a yanki ƙyalle inci 10 tsawo da faɗi, a wanke yadda za a riƙa wanke rigar, a shanya, a goge, a sake aunawa, a kuma kwatanta launinsa da wanda ba a wanke ba. Kafin a jiƙa babban yadin a bi bakinsa biyu da aka yanka da wibin don kada ya zazzage.

Shadda ban da ita. Ƙyallinta da taurinta daga matsi da gyaran masaƙa suke, kuma ruwa yana rage su, don haka a bushe ake yanka ta, a bar ɗan rara a tsawo. Leshi mai duwatsu da satin na biki su ma ba a jiƙa su.

Jiƙa yadi a ruwan gishiri don launi ya kama al'ada ce da ta bazu, amma gishiri ba ya ɗaure rinin da masaƙa ta riga ta gama. Abin da ke taimakawa shi ne ɗauraya a ruwan sanyi mai yawa, ana sauyawa har ruwan ya fito garau, domin rarar rinin da ba ta kama ba ta fita kafin ta sauka a wani wuri.

Teburin yanka a goge shi da ɗanyen tsumma a bari ya bushe, a shimfiɗa tsohon farin zanin gado. Mai yanka a ƙasa ya yi haka a kan tabarma. A wanke hannu, musamman bayan cin abinci mai manja ko shafa mai. Alli ja da shuɗi da bairo duk a ajiye su gefe. Alli mai kakin zuma a jiki ya fi kowanne illa, domin da dutsen guga ya hau kansa ya narke ya shige zare ke nan. A yi alama ta baibai da farin alli ko siririn guntun farin sabulu, in ba ya fitowa sosai a yi ɗaurin zare da allurar hannu. Fil mai tsatsa a zubar da shi, kuma ko mai kyau ne kada ya kwana a jikin yadi lokacin damina.

Satin, da duk yadi mai sheƙi, kai ɗaya ake yanka shi. Idan aka juya falle ɗaya sama ya koma ƙasa don tsimin yadi, haske zai faɗa musu daban, gaban riga da hannunta su fito kamar daga bandir biyu. A yi kibiya da alli a bayan kowane falle tana nuna sama.

A kan keke

Ranar da za a ɗinka ruwan hoda ba ita ce ranar zuba wa keke mai ba. In an zuba, a goge sandar allura da ƙafar keke da farantin ƙasa, a yi ta gudu a kan farin ƙyalle har ya daina nuna komai. A buɗe wajen bobin a share burbushin zaren ɗinkin da ya gabata, domin baƙin gashin yadi yana bin zare ya maƙale cikin ɗinki, kuma ba ya ciruwa sai an farke.

A sa sabuwar allura. Lamba 9 ko 10 ga shifon da boyel, 11 ko 12 ga satin da auduga matsakaiciya, 14 ga shadda. Allura mai dakusasshen baki tana jan zaren yadi, sai a ga siririn layi ya tsaga satin daga wurin ɗinki. Tsawon taku milimita 2 ya isa ga marasa kauri, 2.5 ga sauran. In ɗinki yana tattarewa, a sassauta zaren sama kaɗan a sake gwadawa a ƙyalle. Ga shifon da ke shigewa ramin allura, a shimfiɗa farar takarda mai laushi a ƙasa a ɗinka tare, daga baya a yage ta. Jarida ba ta yi, tawadarta tana fita.

Tun da ana hango ninki ta waje, faɗinsa ya zama ɗaya daga sama har ƙasa. Ninkin da ya yi faɗi nan ya tsuke can shi ne ke sa riga mai tsada ta zama kamar aikin ɗan koyo. A yadi shara-shara da ba za a yi wa shafi ba, a yi ɗinki mai rufin ciki: a haɗa falle biyu baibai da baibai a ɗinka da ratar rabin santimita, a datse rarar, a juya fuska da fuska, a goge, a sake ɗinkawa da ratar da za ta haɗiye bakin farko. Aljihu a yi shi da shafi, kada a yi da farin yadi ko ragowar atamfa. Yadin gam da ake mannawa a wuya da bakin hannu a fara gwada shi a ƙyalle, domin a yadi marar kauri gam ɗin yakan huda ya fito ɗigo-ɗigo, ko wurin ya fi sauran rigar fari.

A gwada wa mai riga tun ɗinkin yana ɗaurin hannu. Farke satin bayan an bi shi da keke yana barin jerin huji da guga ba ta rufewa.

Guga

Alamar dutsen guga a takardar kaya tana da ma'ana: ɗigo ɗaya digiri 110, biyu 150, uku 200. Roba da satin ɗinta da shifon a tsaya a ɗaya, siliki da biskos kada su wuce biyu, auduga tana ɗaukar uku, amma a wannan launin gara a tsaya ƙasa da haka a ɗan yayyafa ruwa, domin ƙuna ko kaɗan ce ɗorawa take barwa. Koyaushe ta baibai, da farin ƙyallen auduga tsakanin dutse da yadi. Mai dutsen gawayi ya rufe shi sosai, ya busa tokar nesa da kaya, ya goge ƙasansa a tsumma duk lokacin da ya ƙara gawayi. Dutsen lantarki mai tururi kuma yakan tofo jan ruwa idan cikinsa ya yi tsatsa, don haka a fara fesawa a tsumma. Leshi mai aiki ko duwatsu a kifa shi a kan farin tawul a danna a ɗaga, ba a ja.

Ba a goge rigar da ke da tabo. Zafi yana dafa shi ne ya zauna.

Wanki

A wanke riga ruwan hoda ita kaɗai, ko tare da fararen kayan da ba za a sa wa bula ba. Ruwan sanyi, ko mai ɗumin da bai wuce digiri 30 ba. Sabulun ruwa mai sauƙi, kamar cokalin shayi biyu a lita biyar, a narkar da shi kafin a tsoma kaya. Garin omo yana da matsala biyu a nan: ƙwayoyin da ba su narke ba suna barin ɗigon fari a inda suka kwanta, kuma yawancinsa yana ɗauke da sinadarin da ke sa farin kaya ƙyalli, wanda a hankali yake dusashe launuka masu haske. Jiƙo kada ya wuce minti 15. A matsa a hankali, a cuɗa wuya da hammata da yatsu, ban da buroshi, ban da murɗawa. A ɗauraye sau uku. Sabulun da ya rage a zare shi ne ke komawa ɗorawa a ƙarƙashin dutsen guga.

Bilic yana cinye rinin auduga nan take ya bar farin tabo da ba shi da magani, don haka ko bokitin da aka taɓa dama shi a ɗauraye sosai. Bula tana mayar da ruwan hoda shunayya mai duhu. Kanwa da sabulu mai kaifi suna kashe siliki.

A kula da ruwan ma. Wasu rijiyoyi da burtsatse ruwansu na ɗauke da ƙarfe: yana fitowa garau, in ya kwana a bokiti sai a ga ja-ja a ƙasa. Irin wannan ruwan yana rina kaya masu haske sannu a hankali. A tara shi ya kwana, a tsiyaye na sama ta cikin tsumma, ko a nemi ruwan sama da aka tara bayan rufi ya wanku. A yi wanki a bahon roba, kada a yi a kwanon da ya fara tsatsa.

Shanya a inuwa mai iska, a juye ta baibai, a igiyar roba da aka goge. Waya tana barin layin tsatsa. Da ta bushe a kwashe, domin ranar bazara tana rage launin. Lokacin hunturu gara a shanya a ɗaki, ƙura tana manne wa jiƙaƙƙen yadi.

Idan za a sa sitaci, a yi shi tsararo: babban cokali ɗaya a dama da ruwan sanyi, a zuba tafasasshen ruwa har ya yi garau, a ƙara ruwa ya kai lita ɗaya, a tace. Gudajin sitaci yana ƙonewa ya bar ɗigon ruwan ƙasa. Shadda kuma in za a kai ta wurin bugu, a tambaya ko suna da gungumen da suka ware wa fararen kaya. Gungume da tabaryar da suka bugi kayan baba ko shadda mai duhu suna riƙe shuni, kuma bugu yana tura shi cikin zare.

Tabo

Doka ɗaya ce ta haɗa su: a yi sauri, a danna da farin tsumma kada a goga, a fara daga bakin tabon zuwa tsakiya, a kuma gwada duk abin da za a sa a cikin kalmasa ko a ƙyallen da aka ajiye.

Manja da maiƙon miya: a kwashe na sama da bayan cokali, a barbaɗa garin sitaci ko farar hoda a bari minti 30 ta tsotse, a kakkaɓe, a ɗiga sabulun wanke-wanke a bari minti 10, a ɗauraye da ruwa mai ɗumi. In ɗorawa ta rage, haske yana kashe ta, amma shi ne kuma ke koɗar da yadin, don haka a rufe sauran rigar da farin zane a bar wurin tabon kaɗai ya sha rana na ɗan lokaci, ana dubawa. Man keke, jan baki da hodar kwalliya ma sabulun wanke-wanke ne maganinsu.

Zoɓo, shayi da goro: a juya yadin a kwarara ruwan sanyi ta baya don tabon ya fita ta inda ya shiga. Kada a shafa sabulun sanda, yana ƙara zaunar da irin wannan tabon, kuma zoɓo yakan juye shuɗi-shuɗi in ya haɗu da shi. A bi da ruwan khal fari, kashi ɗaya a kashi uku na ruwa, sannan sabulun ruwa.

Jini ruwan sanyi kawai yake so. Ruwan zafi yana dafa shi. Bairo a sa tsumma a ƙasa a riƙa ɗiga sifirit marar launi ana dannawa, ana matsar da tsumman. Sifirit mai launin shunayya zai ƙara wani tabon ne. Tsatsa ana cire ta da ruwan lemun tsami da gishiri, a bari minti kaɗan a ɗauraye sosai, kuma bilic ƙara mata duhu yake yi. Lalle da dayis kusan ba su da magani, musamman a siliki. Amarya da ƙawayenta su bari ƙunshi ya bushe a wanke hannu kafin a sa kaya.

Turare shi ne ɓarnar da aka fi yi da hannun kai. Humra da turaren mai suna barin da'ira mai duhu da ke ƙara fitowa bayan kwanaki. A shafa a jiki a bari ya sha, ko a sa a cikin shafi. Turaren wuta a turara daga nesa, ta baibai, na ɗan lokaci, domin hayaƙinsa yana da maiƙo. Maganin ƙurajen fuska mai sinadarin benzoyil feroksaid yana cin launin wuya da mayafi kamar bilic. Gumi kuwa, in ya haɗu da abin hana gumi da ake shafawa a hammata, ɗorawa yake zama. A ɗinka ƙaramin ƙyallen auduga mai siffar wata a cikin hammata wanda za a iya cirewa a wanke, kuma rigar da aka yi gumi a ciki kada ta koma akwati sai an ɗauraye wurin.

Ajiya

A wanke kafin a adana ko da ba a ga dauɗa ba. Ɗigon lemun kwalba da gumi ba sa nunawa a ranar, sai bayan watanni su fito ruwan ƙasa. Kayan da za su daɗe kada a sa musu sitaci, yana kiran ƙwari da fumfuna. A naɗe a farin zanin auduga da aka wanke, a raba su da atamfa da shadda masu duhu, domin a cikin danshin damina launi yana hawa daga kaya zuwa kaya ko ba ruwa. Leda tana riƙe danshi. Adakar ƙarfe a shimfiɗa mata zane kafin a zuba kaya, kafur kuma a ƙulle shi a tsumma kada ya taɓa yadi. Wanda aka rataye a rufe shi, a nisanta shi da taga, in ba haka ba kafaɗar da ke fuskantar haske za ta koɗe ta bar ɗayar. Yadin da ba a ɗinka ba a naɗe shi a jikin kwali mai tsafta, ko a riƙa sauya masa ninki duk bayan wata uku.

In launin ya riga ya mutu ko tabo ya ƙi fita, rigar auduga ko shadda za ta iya zuwa wurin marina a mayar da ita launi mai duhu, kamar ja mai duhu ko shunayya. A sani cewa zaren roba da aka yi ɗinkin da shi, da zif, da surfanin roba ba za su karɓi rinin auduga ba, za su tsaya a ruwan hodarsu. A kai wa marini ragowar ƙyallen da ɗan ɗinki a jikinsa ya fara tsomawa a gani.